Matasa da Aikin Taimako: Ɗaukar Buhu Ko Zaman Shawara?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ko Allah zai sa a sami wanda zai taya ni warware ta. Tambayar kuwa ita ce: idan jama'a suka haɗu don su taimaki mabukata, ina matsayin yaro a cikin wannan aiki? Shin nasa shi ne ya ɗauki buhu ya kai inda aka aike shi, ko kuwa yana da hakkin ya zauna a tabarmar da ake yanke shawarar wanda za a bai wa buhun? Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce. Ni ma da haka na ɗauke ta, har ranar da ta sa na aikata abin da har yau ban san sunan da zan kira shi ba.

Ni mutumin Unguwa Uku ne, a ƙaramar hukumar Tarauni. Duk wanda ya taɓa shiga Kano ta hanyar Zariya ya san tasharmu, ya kuma san cewa gidaje da yawa a unguwar daga wannan tasha suke ci: direbobi, da yaran mota, da 'yan kamasho, da 'yan dako, da masu faci, da mata masu tuwo-tuwo. A ƙidayar 2006 an ce mutanen Tarauni sun haura dubu 221, yanzu kuwa Allah kaɗai ya san adadinmu. To a watan Afrilu na 2020 aka rufe Kano saboda annobar korona, aka hana shiga da fita tsakanin jihohi, ga kuma azumi ya kama a cikin kullen. Tasha ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Muna da wata ƙungiya ta taimakon kai da kai a layinmu, wadda dattawa suka kafa tun ban san kaina ba. Kowane azumi masu hali sukan ba da abin da ya sawwaƙa, a sayi gero da shinkafa da sukari, a ƙulla a ƙananan buhuna, a raba. Sunayen masu karɓa suna cikin wani tsohon littafi a hannun shugaba: zawarawa, da tsofaffi, da gidajen marayu, da naƙasassu. Mu samari aikinmu awo da ƙulli da dako. A wannan shekara, da yake ba halin a tara mutane, sai aka ce mu bi gida gida mu kai.

Abin da littafin bai sani ba, mu mun sani. Akwai wani direba, magidanci mai 'ya'ya bakwai, wanda kowa ya san shi da rufin asiri, har ma a shekarun baya yana cikin masu ba da gudummawa. Ɗansa abokin ƙwallonmu ne. Mun ga ranar da ya sayar da wayarsa, ƙanwata kuma ta ga an fita da kwanukan jeren uwarsa a ɓoye cikin zane. Na je na durƙusa gaban shugaba na ce, "Baba, akwai gidan da ya kamata a sa a cikin rabon nan." Da na faɗi gidan sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka san abin da kake faɗa kuwa? Mutumin da ke bayarwa za ka kai wa sadaka, ka tozarta shi? Ku je ku yi abin da aka sa ku." Na ce, "To, Baba," na tashi.

Da muka fita rabo sai muka tarar mutum biyu daga cikin littafin ba su nan. Wata tsohuwa ta koma ƙauye wurin 'yarta tun kafin kulle, wani tsoho kuma ya rasu wata biyu da suka wuce, gidan a rufe. Ni da abokina muka dubi juna. Ba mu mayar da buhunan nan biyu ba, ba mu kuma faɗa wa kowa ba. Bayan sallar asham ƙanwata ta saka hijabi ta shiga da ɗaya gidan direban, ɗayan kuma muka kai wa wata mai sayar da abinci a tasha wadda jarinta ya karye. Muka dawo muka ce an raba duka.

To mai karatu, me muka yi ke nan? In ka ce taimako, gaskiya ne, gama kaya sun isa ga mayunwata. In ka ce cin amana, shi ma gaskiya ne, domin an danƙa mana dukiyar jama'a a kan sharaɗi, muka saɓa, muka kuma rufe da ƙarya a cikin watan azumi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, hanyar da muka bi ita ce dai hanyar da ɓarayin kayan tallafi suke bi. Su ma sunan mamaci suke bari a takarda. Bambancinmu da su niyya ce kawai, ita kuwa niyya ba mai ganinta sai Allah. Daga nan na fara tunanin cewa tsarin da ke bai wa yaro buhu ya hana shi baki, zaɓi biyu yake bar masa: ko dai ya kashe zuciyarsa ya zama jakin dako wanda bai damu da inda kaya suka je ba, ko kuwa ya riƙa gyara abin da ya ga ya karkace a ɓoye, ya saba da ɓoye-ɓoye. Duka biyun kuwa ba tarbiyyar da iyayenmu suke nufin ba mu ba ce.

Amma kada in yi wa dattawa rashin adalci, don suna da hujja, kuma ni kaina na ɗanɗana gaskiyarta. A wata damina aka sakar mana aikin yashe kwata gaba ɗaya, aka ba mu kuɗin hayar baro da shebur. Wani tsohon magini ya ce mana mu fara daga gangare inda ruwa ke fita, mu taho sama, kuma kada mu kwana ba mu kwashe taɓon da muka fitar ba. Mu kuwa muka fara daga bakin titi inda jama'a za su gan mu, muka jibge taɓo a gefe, muka ce gobe ma rana ce. Da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya sami hanya a sama bai samu a ƙasa ba, ya kwashi taɓonmu ya faɗa gidan wani bawan Allah, ya jiƙa masa katifu, ya zubar da katangar banɗaki. Ranar ba wanda ya ce mana yaro bai san wuta ba sai ya taka, amma kowa ya karanta ta a fuskar kowa.

Saboda haka idan dattijo ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ba na musu. Masanin falsafar nan na Girka, Aristotal, shi ma ra'ayinsa ke nan, cewa saurayi bai dace da ilmin tafiyar da jama'a ba domin bai goge da al'amuran rayuwa ba, kuma zuciya ke jansa. Sai dai shi wannan malami ne kuma ya koyar da cewa halin kirki da aikatawa ake samunsa, kamar yadda magini ke zama magini ta yin gini. In haka ne, ta ina yaro zai sami gogewar da ake cewa ba shi da ita, in ba a bar shi ya yanke shawara ya ga sakamakonta ba? Ɗaukar buhu shekara goma ƙarfin kafaɗa yake ƙarawa. Auna wanda ya fi bukata tsakanin gida biyu, da sanin yadda za a ba mutum ba a zubar masa da mutunci ba, da jure zagin wanda bai samu ba, waɗannan sai a tabarmar shawara ake koyonsu. Ni dai abin da katangar banɗakin nan ta koya mini, wa'azin shekara bai koya mini ba, kuma dalili shi ne shawarar tamu ce, kunyar ma tamu ce.

Akwai kuma wata fuska ta karin maganar rimin da ba a cika dubawa ba. Babba ya fi hangen nesa, amma hangen nesa daban, ganin abin da ke gindin katanga daban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, talaucin birni kuwa yanzu a ɗakin samari yake yoyo. Littafin shugabanmu ya san talaucin jiya, watau na takaba da tsufa da maraici. Talaucin da ya faɗo wa mai sana'a a cikin mako biyu, wanda kunya ta hana shi faɗa wa sa'o'insa a masallaci, wannan a bakin 'ya'yansa ake jinsa, a filin ƙwallo da wurin ɗiban ruwa. Ashe ke nan idan aka hana yaro magana, wanda aka fi cuta shi ne mabukacin da labarinsa ke bakin yaron. A nan ne nake ganin maganar ta tashi daga ladabi ta koma hakki. Sadaka amana ce da ake bin hanyar isar da ita ga mai ita, duk wanda ya toshe wata ƙofa ta sanin mai ita, ya tauye amanar, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Wasu sukan ce wannan ra'ayi na sa yara a shawara baƙo ne, daga Turai aka kwaso shi. Ina roƙonsu su tuna da gayya. A ƙauyukanmu, idan mai gona ya gaza, ko za a yi wa tsoho noma, ko za a gyara hanya, wurin sarkin samari ake kai goro. Shi da waziransa su ne za su sa rana, su raba kuyya, su kira makaɗa, su ci tarar wanda ya makara ko ya ƙi fitowa. Dattawa sukan faɗi bukata su sa albarka, amma ba sa tsaya wa samari a ka. Watau kakanninmu, waɗanda suka fi mu tsananin girmama manya, sun ga ya dace samari su yi sarautarsu, da alƙalinsu, da hukuncinsu. Mu ne 'yan birni muka riƙe sunan aikin gayya muka yar da sarautar da ke cikinsa.

Ta fuskar addini ma akwai abin lura. A shekara ta 3 bayan hijira, da Ƙuraishawa suka nufo Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karkata ga a tsaya cikin gari a kare shi. Samarin sahabbai, musamman waɗanda ba su sami halartar Badar ba, suka matsa a fita. Ya karɓi shawararsu, aka fita Uhudu, aka yi shahidai wajen saba'in har da Sayyidina Hamza. Gaskiya ne abin da ya juya yaƙin shi ne saukowar maharba daga kan dutse, amma mai neman hujjar daina sauraron yara da ya same ta a ranar. Duk da haka ayar da ta umarce shi da yin shawara da su, a cikin Suratu Ali Imrana, a kan wannan yaƙi ta sauka, bayan an riga an yi hasarar. Sa'an nan a ƙarshen rayuwarsa ya naɗa Usama ɗan Zaidu, wanda bai wuce shekara ashirin ba, a kan rundunar da ke ɗauke da manyan sahabbai. An yi gunaguni, bai sauke shi ba. Da Sayyidina Abubakar ya hau halifanci shi ya tura rundunar, har sai da ya nemi izinin Usama kafin ya riƙe Sayyidina Umar a Madina. Ni ba malamin tafsiri ba ne, amma abin da na fahimta shi ne kuskuren yaro bai zama dalilin kore shi daga shawara ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, kalmar "a sa matasa a ciki" tana da daɗin faɗa, kuma masu mulki sun daɗe da gane amfaninta. A Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da Samariya ya mai da ita ƙungiyar ƙasa. An yi ayyuka na gaske, an dasa itatuwa, an gina ajujuwa, an share garuruwa, amma akalar tana hannun hukuma, sarkin samari ya koma mai isar da umarni. A nan gida Janar Gowon ya kafa hidimar ƙasa a 1973, a 1985 kuma a nan Kano aka ƙaddamar da sashen tsabtace muhalli na yaƙi da rashin ɗa'a. Dukansu suna da alherinsu, sai dai a cikinsu an fi bukatar ƙarfin saurayi da yawansa a kan ra'ayinsa. Ko dokar 2018 da ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, ƙofa ta buɗe, amma ba ta ba yaro kuɗin fam ba. Wani masani mai suna Roger Hart ya zana wani tsani mai matakai takwas a 1992, don auna yadda ake shigar da yara cikin ayyuka. Matakai uku na ƙasa ya ce ba shigarwa ba ce sam: a yi amfani da yaro don cim ma buƙatar babba, ko a yi ado da shi, ko a ba shi kujera don a ce an ba shi. Duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin "shugaban matasa" a ƙungiyar unguwa, aka kira shi taro bayan an gama yanke magana a zauren Alhaji, ya san a kan wane mataki yake zaune. Mafi muni kuma shi ne wanda muke gani duk kakar zaɓe, lokacin da ƙungiyar share maƙabarta kan wayi gari da sababbin riguna masu hoton ɗan takara.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu 'yan jami'a, don kada a ce laifi tudu ne. Idan muka ce "matasa", su wa muke nufi? Na taɓa bin wata tawagar ɗalibai zuwa duba marasa lafiya a Asibitin Malam Aminu Kano, can wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Mun yi taro uku a kan launin rigar da za mu sa da wanda zai ɗauki hoto. Ba mu yi ko ɗaya da masu jinya ba. Muka kai sabulu da lemo, wata mata da ta kwana goma sha a kan tabarma tana jinyar ɗanta ta karɓa ta yi godiya, sa'an nan ta tambaye mu a hankali ko a cikinmu akwai mai iya ba da jini. Ba wanda ya zo da shirin haka. Abin da dattawa suka yi mana, shi muka yi mata: mun yanke mata abin da take bukata ba mu tambaye ta ba. Yaron mota a tasha matashi ne. Almajirin da ke wanke mana kaya matashi ne, kuma ya fi mu sanin wace makarantar allo ce yara ke kwana da zazzaɓi. Mai kiwon dabbobi a 'Yan Awaki matashi ne. In mun karɓe tabarmar daga hannun dattawa muka shimfiɗa ta a inda sai mai jin Turanci ke zama, to sabon zauren Alhaji muka gina.

Sai kuma 'yan mata, waɗanda na kusa mantawa da su, kuma wannan mantuwar ma shaida ce a kaina. A unguwa irin tamu namiji baligi iyakarsa zaure. Tukunyar da ba a ɗora ba, da yaron da ya rame, da mai cikin da ba ta zuwa awo, mace ce ke ganinsu. A labarin da na ba ku, ƙanwata ce ta ga kwanukan, ita ce kuma ta shiga da buhun, amma ko ni da nake kukan an hana ni baki ban taɓa tunanin a kira ta taro ba.

Abin da nake nema bai kai a tuɓe wa dattawa rawani ba. Kuɗin jama'a suna bukatar fuskar da jama'a suka amince da ita, kuma mai bayarwa ya fi sakin jiki idan ya ga furfura. Akwai kuma gidan da in yaro ya shiga da sadaka cin fuska ne, in tsoho ya shiga da ita zumunci ne. A nan shugabanmu yana da gaskiya game da direban, kuskurensa shi ne da ya tsaya a "kada a tozarta shi" bai wuce zuwa "yaya za a kai masa ba a tozarta shi ba". Abin da nake nema shi ne a raba aikin yadda kowa zai ɗauki nauyin da za a iya tuhumarsa a kai. Samari da 'yan mata su zagaya su kawo sunaye da dalilansu, dattawa su tantance, in sun ƙi wani suna su faɗi dalili a gaban kowa. A ware wani aiki, ko da ƙarami ne, a sakar wa matasa shi da kuɗinsa, su dawo su karanta lissafi a bainar jama'a. Kuma a riƙa tambayar masu karɓa. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya, don mai bayarwa, babba ne ko yaro, ba ya son a ce masa kyautarsa ba ta dace ba.

Kusan haka muke yi yanzu a layinmu, ko da yake ba a rasa taƙaddama, kuma har yau ba a yarda 'yan mata su zauna a taron ba, sai dai su aiko da takarda. Yadda aka kai ga hakan kuwa, bayan sallar wannan shekara ta kulle ne abin ya ƙi barina barci, na sami shugaba shi kaɗai a ƙofar gida bayan la'asar, na durƙusa na ce, "Baba, na zo in faɗi wani laifi." Na kwashe labarin buhu biyun nan na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Can ya ce, "Ai ni na yi wa tsohon nan salla, ka zaci ban san ya rasu ba? Na bar sunansa ne in ga abin da za ku yi." Na ce, "To Baba, mun yi daidai ko mun yi kuskure?" Ya ce, "Ƙaryar dai ku nemi gafarar Allah a kanta." Sa'an nan ya shiga gida ya fito da tsohon littafin nan da biro, ya miƙo mini, ya ce in zauna in rubuta masa sauran gidajen da muka sani.